Girbi da Kala

Guram ya kawo shi a naɗe cikin safar ulu,
kamar wanda ya tsinci ɗan tsako a cikin ƙanƙara.
Shagona a ƙarƙashin ƙasa yake, a wani lungu na Tbilisi,
tagata ba ta nuna min komai sai takalman masu wucewa.
Ya ce, "Nutsa, tari yake yi."
Na kara kunne.
Ƙyas. Ƙyas. Shiru. Ƙyas.
Allura ce ke lalube,
hanyar da ta bi shekara goma sha ɗaya ta ɓace mata.

"Sau nawa ka kunna shi?"
Ya dubi hularsa. "Kullum da safe."
Ban yi faɗa ba. Wa ke hana mai ƙishi leƙa rijiya?
Sai dai wannan rijiyar, kowane leƙe ƙara rufzawa take.

Na ce, irin wannan ba a gyara shi.
Ba a aikensa gabas, ya dawo a aike shi yamma.
Sabon faifai ake kwantarwa a gefensa, wayam,
a ce wa tsohon: faɗi abin da ka sani tun daga farko,
kunya bayan kunya,
har da shirme, har da inda ba a shuka komai ba.
Sabon ya riƙa ɗauka, ba ya tambaya,
har ya zama ɗan tagwayensa.

Daren farko girbi ne.
Inda ƙasa ke da laushi, mu wuce da gudu.
Inda allura ta yi tuntuɓe, ba ma tsayawa jinya,
mu ɗiga ja a taswira, mu tsallake.
Na juya masa fanka don kada zazzaɓi ya tashi.
Da asuba, casa'in da ɗaya cikin ɗari.

Sauran kala ne.
A koma ta baya, daga ƙarshen gona,
a durƙusa a bakin kowane jan ɗigo,
ƙwaya ɗaya, a jira,
ƙwaya ɗaya.

Guram na zuwa da la'asar da burodi mai cuku a takarda.
Bai taɓa tambayar kuɗi nawa ba.
A rana ta uku ya ce, ba hotunan ba ne.
Jikansu ne ya ɗauki muryar Tsiala a bayan gida,
tana koya masa lokacin da ake kai amya kan dutse,
ƙudan zuma na guna a bayanta.
Minti shida.
Ta rasu kafin zumar bana ta nuna.

A dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu,
ƙyas ɗin ya tsaya.
Na taɓa shi, ɗuminsa na sauka.
Na zare waya.
Jajaye goma sha bakwai suka rage a taswira,
ba mai sake shiga can.

Da safe na kunna masa daga sabon faifan.
Murya ta fito, kaushi-kaushi, mai saurin magana,
tana faɗa wa yaro ya daina tsoro, zuma na jin warin tsoro.
Can a minti na huɗu
ta yanke.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Ta dawo a tsakiyar wata kalma.

Na fara ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu.
"Ba ki yar da komai ba.
Nan ba magana take ba.
Nan ne na ce mata ta cika surutu,
ta juyo ta harare ni."

Ya sa na sake kunnawa.
Da muka kai wurin, ya sunkuyar da kai
kamar wanda ake harara.

Sabon ya jefa a aljihun kwat.
Mataccen kuwa ya mayar cikin safar ulu,
ya hau matakala da shi a hannu biyu.