Tabkin da ke Ɗaki na Shida

Shekara goma sha tara ina wanke wa masu ƙuna ciwo
a asibitin da ke kallon tashar jiragen ruwan Gdansk.
Na san kukan namiji idan ya danne shi da haƙori,
na san ƙarar gadon ƙarfe idan an damƙe shi.

Bogumil mai walda ne. Tartsatsi ya faɗa inda bai kamata ba,
wuta ta lashe shi daga wuyan hannu har kafaɗa.
Da ya ji tayar keken magani a baranda
sai gumi ya riga ni isa gadonsa.
An yi masa allura iyakar abin da jini zai ɗauka.
Saura kuwa yana nan, yana jiran almakashina.

Ran Talata Likita Ludmila ta jawo kujera.
Ba agogo mai lilo, ba surkulle, ba rufa-ido.
Ina tsaye, ina taɓe baki a zuci.
Ta ce, "Ba barci zan sa ka ba, linzaminka na hannunka.
In ka gaji da ni, buɗe ido ka kore ni.
Gaya mini, ina ka taɓa jin sanyin da ba ka manta ba?"

Ya daɗe bai tanka ba.
"Wani tabki, can ƙasar Kashubiya.
Kakana kan fasa ƙanƙara da gatari,
mu zura ƙugiya, mu jira."

"To, tafi can. Dubi ɗigon nan na bango
har fatar idonka ta yi nauyi.
Saki numfashi sannu, kamar mai sassauta igiyar jirgi."
Muryarta ta sauka, ta bi sawun ƙirjinsa:
in ya shaƙa ta dakata, in ya saki ta aza kalma.
"Wane launi ce hular tsohon?
Ƙanƙarar na ƙara a ƙarƙashin takalmi?
Ga ramin. Naɗe hannun riga. Tsoma.
Sanyi ya kama yatsu, ya hau, ya hau,
har hannun ya zama kamar na aro."

Ta ɗaga mini gira. Na fara ɓare bandeji.
Naman na nan jawur, yadda na bar shi jiya,
jijiyoyi ba su fasa kai ƙara ba,
sai dai mai gidan ya tafi su.
Sau ɗaya ya yamutsa fuska,
ya ce, "Wani abu na jan zaren,"
ya koma jira.

A ɗakin shan shayi ta ce mini,
"Hankali ƙofa ce matsattsiya, ba ta cin kaya biyu.
Zafi kan zo shi kaɗai,
tsoro ne ke yi masa rakiya da ganga.
Ni na tare ƙofar kawai. Ruwan, shi ya kawo abinsa."

Ba kowa ke zuwa ba.
Tsoho Alojzy na gado na biyu
ya ƙirga fitilun rufi sau uku,
ya ce, "Baiwar Allah, ni fa ina nan."
Muka koma wa allura, ba wanda ya ji kunya.

A mako na uku Bogumil ya daina jiran kujera.
Da na shigo sai ya ce, "Ba ni minti biyu, hanyar da santsi,"
ya nemi ɗigonsa a bango, ya tafi shi kaɗai.

Ranar sallama, yana fama da maɓallin riga da hannu guda,
na ce, "Duk zaryar nan, kifi nawa ka kama?"
Ya yi dariya har ya dafe kafaɗa.
"Ko ɗaya. Kakan ma bai taɓa kamawa ba."

Ɗigon na nan a bango.
Masu fenti sun zo a bazara, na hana su taɓa shi.