Littafin Awo

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a Jekadafari,
tara daga ciki hayaƙi na bin zare cikin allura,
har ran da Goggo Dudu ta dawo da rigar jikarta,
ta ce, "Bappah, atamfa na ba ka ko murhu?"
Na yi dariya. Da ta fita,
kunya ta zauna a bencin da ta tashi.

Na sha rantsuwa, rantsuwa ta sha ni.
Da safe in watsa kwalin sigari a kwata,
kafin la'asar ina tsugune ina laluben guntu.

Sai Jalo, ma'aikacin jinya,
ya kawo wando a rage masa tsawo.
Ya ce, "Kai mai auna mutane,
ka taɓa auna abin da ke juya ka?
Bar kokawa da shi tukuna. Rubuta shi.
Yaushe yake zuwa, ta ina, wa ke rako shi."

Na buɗe bayan littafin awo,
inda babu kafaɗar kowa, babu ƙugu,
na fara:
bakwai da rabi, bayan shayin Manga.
Sha ɗaya, an ɗauke wuta, keke ya yi shiru.
Biyu, Alhaji Sambo ya ce kuɗi sai wani wata.
Bayan isha'i, babu dalili, ni kaɗai ne kawai.

Ashe ba aljani ba ne.
Baƙo ne mai ƙa'ida, ƙofofinsa huɗu,
ni nake buɗe masa, har da sannu da zuwa.

Na daina zama a teburin Manga,
yaro ke kawo mini shayin a kofi.
Manga ya yi fushi kwana uku, ya huce.
Aljihun ashana na ba asuwaki haya.
In wuta ta tafi, sai in jawo kwanon maɓallai,
tunda hannu aiki yake nema,
bai damu ko na kirki ne ba.

In marmarin ya taso, in dubi agogon bango,
in ce masa, minti goma, jira.
Yakan zo kamar ruwan kwari a tsakiyar damina,
da ruri, da tarkace, kamar zai tafi da gada.
Ka tsaya a bakin gaɓa ka ƙirga numfashi.
Yana janyewa. Wallahi yana janyewa,
ya bar maka yashi da mamaki.

Kuɗin kara kuwa, gwangwanin madara.
Da dare in girgiza shi in ji nauyin kwanakina.

Rana ta goma sha tara na faɗi.
Jajibirin sallah, kaftani takwas a kaina,
na sha biyu a bayan shago, ina kallon ƙasa.
Na kira Jalo, na ce komai ya rushe.
Ya ce, "In ɗinki ya warware a hammata,
ƙona rigar kake yi?"
Na koma littafi na rubuta:
gajiya, yunwa, ƙarfe ɗayan dare.
Ƙofa ta biyar ke nan, ban san da ita ba.

Yau sittin da uku.
Alhaji Sambo bai biya ba har yanzu,
na koyi yin tsaki ba tare da wuta ba.
Ta bayan isha'i ce ta ƙi rufuwa sosai,
sai in ɗau buta in fita ƙofar gida
in gai da duk wanda ya wuce.

Jiya Hansatu ta hau cinyata,
ta cusa hanci a wuyan rigata, ta daɗe,
ta ce, "Baba, ƙanshin sabon yadi kake."
Ban rubuta wannan ba.
Ban san da wane ma'auni zan auna shi ba.