Lissafin Daren Ganin Wata

An ga wata a Gusau.
Yara sun cika layi da ihu,
ni kuwa na sauke kyamara daga wuya
kamar mai sauke tulu bayan doguwar tafiya.
Igiyar ta bar mini zane a kafaɗa.

Biki ashirin da uku cikin Sha'aban ɗaya!
Kowace uwa so take a gama kafin azumi.
Daga Tudun Wada zuwa Samaru,
sau biyu har Kwatarkwashi a bayan babur.
Jakata har yanzu ƙamshin turaren wuta take yi,
murfin gilashi da ɗigon lallen wata amarya
da na riga na manta sunanta.

Na shimfiɗa tabarma, na zazzage.
Ga sababbi ƙar, na liƙi,
ga tsofaffi masu warin manja,
ga na cikin waya, lamba kawai.
Na Hajiya Ige kuwa, har yau
suna cikin "Allah ya kai mu gobe".

Bara war haka ma na zauna haka.
Na sayi leshi, na shiga anko uku,
dangi suka sa mini suna mai hannun kyauta.
Ran nan gilashi ya faɗi kan siminti.
Wata biyu ina aron na Barmo,
ina biyan haya, ina biyan kunya.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, gero yake nomawa a Wanke.
Ranar da aka kawo amfani gida,
kafin a taɓa na tuwo,
sai ya zaɓi damin da ya fi ƙwaya
ya rataye can saman rumbu.
"Kuluwa, wannan ba namu ba ne, na baɗi ne."
Ko yunwar marka ba ta sa ya sauke shi.

To, ga damina na baɗi.
Na ture shi gefe, na danne da faranti.
Batir na biyu zai fito daga ciki,
da ma'ajiyar hotuna guda biyu,
ɗaya a shago, ɗaya a akwatin Inna,
don ban manta da Baba Gado ba,
mai shago kusa da tsohuwar tashar jirgi,
mai labule da zanen bene da furanni.
Shekara talatin yana tsayar da mutane su yi murmushi,
gara ta cinye su cikin damina guda.
Ya iya haske, bai iya ajiya ba.
Yau cajin waya ake yi a wurin.

Daga yanzu, rabin kuɗi kafin in ɗaura takalmi,
ko da 'yar ƙanwar uwata ce.
Za su yi gunaguni. Su yi.

Hajo ma lokaci ya yi da zan sakar mata kyamara.
Shekara biyu tana riƙe mini fitila,
ta san inda inuwa ke faɗuwa kafin in faɗa.
Kafaɗa ɗaya ba ta ɗaukar biki biyu a yini.

Sun ce kowa yanzu da waya a hannu.
Gaskiya ne.
Amma wa ya ga kakar ango a bayan ƙyaure
tana share ido da bakin mayafi?
Ni na gan ta. Wannan nake sayarwa.

Azumin nan zan bi makarantu da ƙafa,
in tambayi ranar saukar karatu,
in leƙa masu shirin tafiya Makka.
Amaren nan ashirin da uku kuma
na rubuta lambobinsu a littafi mai bango ja:
in Allah ya so, wata tara ba nisa,
kuma ba a suna babu hoto.

An kawo wuta.
Jan idon caja ya buɗe a kusurwa.
Bari in kwanta kafin sahur.
Kafin in farka, zai zama kore.