Jar Akuya a Shafi na Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Ƙunshin ya iso da motar Yamai bayan la'asar,
tsakanin buhun albasa da tayar babur.
Ɗan kamasho ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa,
ya ce, "Likita, wannan rubutu ai a kife yake."
Na ce, a kife yake ga wanda bai sha sanyinsa ba.

Nikifor ne. Littafi na tara.

Shekara arba'in ke nan da aka haɗa mu ɗaki guda,
ni ɗan Bagalam da aka tura koyon ciwon dabbobi,
shi ɗan mai gyaran layin dogo,
siriri, kunnuwa kamar faifai.
Sau biyu ya faɗi jarrabawar tumbin saniya
don kayensa cike yake da mutanen da ba a haifa ba.
Da suka kore shi, ya samu gadin tukunyar da ke ɗumama unguwa,
dare duka yana zuba kwal, yana rubutu bisa gwiwa.
Ni ke kai masa yajin ƙuli-ƙulin da inna ta aiko,
ya lasa, ya yi hawaye, ya ce a ƙaro.

Littafin farko ya yi shekara sha ɗaya a akwati
ƙarƙashin gadon uwarsa, kusa da kwalaben kabeji mai tsami.
Ranar da aka ce kowa ya buga abin da ya ga dama,
ranar ce takarda ta fi nama tsada.
Ya sayar da takalma a bakin tasha.
Ya rabu da matarsa, ko ita ta rabu da shi,
wasiƙar ba ta fayyace ba.
Sai ga lambar yabo, ga hotonsa cikin kwat ɗin aro,
hannun rigar bai kai wuyan hannu ba.
Daga nan shiru.
Aka ce an sauke littattafansa daga kanta,
aka ce ya ƙaura wata ƙasa mai duwatsu
inda yake biyan haya da gyaran rubutun wasu.
Ban tambaya ba.
Kumburin da ba ka da allurarsa, kada ka latsa.

Ni dai ina nan. Na bi awakin Tibiri da Madarunfa da rigakafi
har gwamnati ta ce in huta.
Rashancina ya koma kamar gulbin garinmu:
wata uku yana gudu, saura yashi,
sai an tona kamu biyu a tarar da ruwa.

Na tona. Shafi ɗaya bayan asuba,
ƙamus a cinya, Ta-Sallah na mitar kununa ya huce.
Wata bakwai, sai ga wani baƙo a cikin labarin,
mai jin sanyi ko da bargo uku,
yana ba masu jiran jirgi labarin akuyar garinsu,
mai haihuwa bibbiyu, mai fatar da ake rububi a ƙetare.
Ya sa masa tarina.
Ya sa masa yadda nake ƙirga kuɗi da yatsu.
Na leƙa babi na gaba, ya kashe shi da zazzaɓi,
wannan bai dame ni ba.
Amma akuyar, jama'a, fara ya yi ta.
Fara!

Na sa jikata ta danna mini waya.
Na ce, Nikifor, duk ƙaryarka na yafe,
amma akuyar Maradi ja ce,
ja kamar garwashin da kake hurawa.

Kwana biyu, sai ga muryarsa,
ta tsufa, dariya na shaƙe ta:
"Nomau, na sani.
So nake in ji ko da sauran mai kai wa wannan shafi."

Na fita tsakar gida.
Tana ɗaure a gindin dogonyaro,
tana tuƙar harawa, ba ruwanta da adabi.
Na ɗauki hotonta, ya fito a karkace, rabin kai babu.
Haka na aika.

Saura shafi casa'in.