Kwana Uku a Gidan Inna Dudu

Na iso Dadin Kowa da la'asar sakaliya,
mota ta sauke ni a gindin tsauni ta wuce.
Jaka ɗaya, da ciwon wuya,
da bashin barci na wata biyar.

Gidan ba shi da allo.
Wani yaro mai tallar rake ya nuna da haɓa:
"Ƙofa mai shuɗin fenti, inda gwanda ta leƙo."
Ɗaki uku ne kacal na baƙi.
Inna Dudu ta ba ni na ƙurya,
makullin ɗaure da igiyar koma,
don kada, in ji ta, ya bi wani Gombe kamar na bara.

"Kwana da karin kumallo kuɗinsu ɗaya.
Na dare kuwa, kowa tasa ta fisshe shi."
Amma bayan isha sai ga kwano a bakin ƙofa,
tuwon masara da miyar kifi,
babu wanda ya ce uffan.

Daren farko ban runtsa ba.
Gadon na kuka irin na tsohon amalanke,
fanka ta tsaya da ɗaukewar wuta,
ga shi kuwa a bayan garin ake haifar wutar.
Can cikin duhu wani abu ya yi gurnani
kamar ana jan turmi a kan fa.

"Dorina ce," in ji ta da safe,
tana kwashe masa daga tanda.
"Ta riga ka zuwa, kuma a nan za ka bar ta."
Kunun gyaɗa mai tsamiya,
masa shida, ta ƙara ta bakwai ba ta dube ni ba.
Daga baranda ana hangen tafkin duka:
kwale-kwale biyu, ɗaya na bin ɗaya,
tsaunuka sun tsoma ƙafa a ruwa
kamar dattawan da ba sa gaggawar alwala.

Na ce mata a ƙarƙashin ruwan nan aka haifi babana,
wani ƙauye, kafin a datse kogi.
Ya rasu da azumin bana,
bai taɓa yarda ya zo ya gani ba.
Ta ajiye ludayi, ta tambayi sunan gidansu.
Na faɗa.
Ta yi shiru har masa ɗaya ta ƙone.
"Masu kukar nan ta bakin rijiya?
Kakarka ta taɓa yi mini kitso.
Hannunta da zafi."

Iyakar abin da ta ce ke nan.
Na so ƙari, ta koma kan tanda.

Da yamma Sambo masunci ya kai ni tsakiya,
ya ɗaga filafili ya ce,
"Wajen nan ne, ko can gaba kaɗan."
Na leƙa. Babu kuka, babu rijiya,
sai fuskata tana rawa,
da goshin da dangi ke cewa nasa ne.
Na tsoma hannu har gwiwa.
Sama da ɗumi, ƙasa da sanyi.

A daren nan na yi barci
har kiran assalatu ya wuce ni,
har zakaru suka gaji suka bari.
Dorina ta yi nata, ban ji ba.

Ranar tafiya ta miƙo littafin baƙi,
na makaranta ne, mai bangon takardar siminti.
Wani injiniya ya yaba kunun.
Wani ya yi ƙorafin sauro, shafi guda cur.
Na riƙe biro na daɗe,
sai na rubuta sunan babana a gurbin nawa.

Ta ƙirga kuɗin sau biyu,
ta maido mini na kwana ɗaya.
"Daren farko ba ka yi barci ba.
Me na sayar maka?"

Sai da muka wuce Kwadon
na sa hannu a aljihu neman kuɗin mota,
na taɓo igiyar koma.