Fate a Bayan Kufena

Babur ɗina ya mutu a bayan Kufena,
inda kwalta ta gaji ta koma jar ƙasa.
Bakanike ya ce sai bayan la'asar.
Cikina kuwa bai san la'asar ba.

Wani yaro mai gara taya ya nuna min rumfa:
benci biyu, randa a gindin ɗorawa,
an rubuta da gawayi a jikin katanga,
ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono.
Na ce wannan ai ba talla ba ce, kora ce.

Ni da aka yaye ni da romon ƙashi,
ni da mai tsiren Tudun Wada ke kira da suna tun daga nesa,
na zauna dai.
Yunwa ba ta san girman kai ba.

Inna Yalwa ta zubo faten tsaki yana huci,
rama da yakuwa sun rine shi kore,
gyaɗa ta narke, daddawa na magana ƙasa-ƙasa.
'Yarta Tasalla na tsamo awara daga mai,
tana barbaɗa yaji, tana hura yatsu.
Autan, Gagare, shi ne ma'aji,
canji a gwangwanin tumatir, lissafi a ka.
Bai taɓa yafe wa kowa naira hamsin ba, in ji uwarsa.

Na sa cokali ina tono
kamar mai neman ɗan kunne a yashin Kubanni.
Tsohon da ke fere kabewa a bakin ƙofa
ya ce, bai ko ɗago ba:
"Ko ka huda kwanon, babu ita.
Ci abin da ke gabanka."

Wuƙarsa na kalla. Na san irinta.
Doguwa, ta sha dutse har cikinta ya rame,
ƙota ta yi baƙi da gumin tafi.
Ba don kabewa aka ƙera ta ba.

"Shekara ashirin da uku a mayanka," in ji Baba Mijinyawa.
"Ban ce haram ba. Wane ni? Allah ya halatta.
Wata safiya dai saniya ta lashi hannuna,
hannun da ke riƙe da igiyar,
na dawo gida loma ta ƙi wucewa.
Shi ke nan. Babu wa'azi a ciki."
Inna Yalwa ta jefo daga bakin murhu:
"Kada ka biye masa, likita ne ya tsorata shi."
Ya ce, "Duka biyun."
Suka yi dariya,
irin wadda ta daɗe tana kwana a ɗaki ɗaya.

Na daina tono.
Tsamin yakuwa ya buɗe min kunne,
barkono ya bi baya yana tambayar hanya,
kwaɗon zogale ya zo da ƙuli-ƙuli mai garɗi
har gumi ya sauko min ta gemu.
Ban san lokacin da bakina ya ce a ƙara ba.

Wata tsohuwar akuya ta ratsa ƙarƙashin benci
da takun wadda ba ta san ranar kasuwa ba.
Ta tsaya gaban wuƙar nan,
ta ɗauki ɓawon kabewa, ta wuce.

Kada in yi ƙarya, ban canza ba.
Ranar Juma'a na ci balangu, har da ƙari.
Sai dai wani lokaci, tsakiyar tauna,
nakan ji ɗumin harshe a bayan hannuna,
ni da ban taɓa riƙe igiya ba.

Da babur ya tashi, rana ta jingina da dutse,
na ji ana kira, ana gudu a bayana.
Gagare ne, ba takalmi, yana haki,
ya miƙo min naira hamsin a nannaɗe:
"Canjinka. Ba mu cin abin da ba namu ba."