Awa Ɗari Uku da Bakwai

Kafin ladanin Garwa ya gyara murya
ina ƙarƙashin fiffike da tocila,
ina ɗiga mai a kwalba, ko ruwa ya shiga.

Jirgin ba nawa ba ne. Kujera huɗu,
ƙofar dama sai an sa mata kafaɗa.
Jiya na kai kwalin allura Collire,
na dawo da malamin daji da buhun gyaɗarsa.
Awa ɗaya da minti arba'in. Na rubuta.

Kyaftin Bobbo ya ce, "Kuluwa,
sama ba ta ba da bashi,
awar da kika zauna ita ce taki."
Shi furfurarsa a kan Binuwai ta fito.

Baba ya sayar da bijimai biyar.
Bai taɓa cewa yaushe ba.
Littafin yake buɗewa, a juye,
ya bi lambobin da yatsa.

Da la'asar babban jirgin Duwala ya sauka,
ni ina gefe, hannu duk baƙin mai.
Saura dubu da ɗari da casa'in da uku.

Gobe Marwa,
in hadari ya bari.